Yadda Ake Shirya Doguwar Tafiya a Keke ta Hanyoyin Bakin Teku da Karkara da Mota Ba Ta Bi

Wanda ya saba kutsawa da keke cikin motoci, ranar da ya fara hawa turbar da aka keɓe wa kekuna da masu tafiya a ƙasa sai ya ji wata irin sakewa a kafaɗunsa. Babu hon, babu hayaƙi, babu waiwaye duk bayan taku goma. Abin da ke kunnensa ƙarar tayarsa ce a kan tsakuwa da kukan tsuntsayen ruwa. Wannan daɗin ne ke ruɗar sabon shiga har ya ɗauka tafiyar ba ta buƙatar wani shiri.

Tana buƙata, har ma fiye da tafiyar babban titi. Motar nan da kake gudu ita ce take jawo shago da gidan mai da mai gyara zuwa bakin hanya, ita ce kuma take tsayawa ta ɗauke ka in keke ya ƙi. Inda mota ba ta bi, waɗannan ma ba sa zama. Kana iya shafe kilomita 20 ba ka ga inda za ka cika gorar ruwa ba. Saboda haka duk matakan da ke tafe tambaya guda suke amsawa: in abu ya faru a wurin da babu kowa, me ke hannunka?

Mataki na farko: gane irin hanyar kafin ka zaɓe ta

Hanyoyin da ake cewa babu mota a kansu ba iri ɗaya ba ne, kuma asalin kowace shi zai gaya maka yadda za ta kasance a ƙarƙashin tayarka.

Mafi sauƙi ita ce tsohon layin dogo da aka cire ƙarafunansa aka shimfiɗe. Tayar jirgin ƙasa ƙarfe ce a kan ƙarfe, ba ta da riƙon da za ta hau tudu mai tsauri, shi ya sa injiniyoyin da suka gina layukan suka yi ta fasa duwatsu da kafa gadoji don hanya ta kwanta. Da wuya hawan irin wannan hanya ya wuce mita biyu zuwa uku a kowane mita 100. Mai keke ya gaji wannan aikin a ɓagas. A Ingila, hanyar da ta haɗa Bristol da Bath, wadda aka gina tsakanin 1979 da 1986, tana cikin na farko-farko, kuma tsawonta ya ɗan haura kilomita 20. A yankin Cornwall akwai Camel Trail mai kilomita 29, wadda sashenta na tsakanin Padstow da Wadebridge ke bin bakin ruwa inda kogi ke shiga teku. A Ayalan akwai hanyar Waterford zuwa Dungarvan mai kilomita 46 da aka buɗe a 2017. Sifaniya kuwa tun 1993 take mayar da matattun layukanta hanyoyin keke a ƙarƙashin shirin Vías Verdes, har sun haura kilomita 3,000.

Iri na biyu gefen kogi ne ko gefen hanyar ruwa da aka haƙa don jiragen dakon kaya. A da dawakai ne ke jan jiragen daga gaɓa, turbar dawakin ce yau ta zama ta keke. Ita ma a kwance take, sai dai bayan ruwan sama takan yi laka, kuma wani wurin takan tsuke har mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya tsaya. Hanyar kogin Danube daga Passau a Jamus zuwa Vienna a Ostiriya, mai kusan kilomita 320, ta shahara ga masu farawa, kuma yawancin mutane suna bin ta yadda ruwa ke gangarawa.

Na uku ita ce hanyar bakin teku kanta, kuma a nan ne taswira ke yaudara. Gaɓar da take da rairayi da fadama a shimfiɗe take. Gaɓar da take da duwatsu kuwa hawa da sauka ce tun safe har yamma, domin kowane ƙaramin rafi da ke neman teku ya yanka nasa kwarin, kai kuma sai ka gangara cikinsa ka sake haurowa. Ba za ka hau dutse ko ɗaya mai suna ba, amma da yamma cinyoyinka za su ba da labari.

Kada kuma sunan hanya ya sa ka ɗauka duk tsawonta babu mota. Vélodyssée ta Faransa, wadda ta taso daga Roscoff a arewa ta bi gaɓar Atlantika har Hendaye a kan iyakar Sifaniya, ta haura kilomita 1,200, kuma sama da kashi 70 cikin 100 nata keɓaɓɓe ne. Ragowar ƙananan tituna ne da ake rabawa da motoci. Haka Shimanami Kaido ta Japan mai kusan kilomita 70 tsakanin Onomichi da Imabari: a kan gadojin da suka haɗa tsibiran an ware wa keke nasa wuri, amma a cikin tsibiran titi ɗaya kuke bi da mota, shuɗin layi ne kawai a ƙasa yake nuna maka hanya. Kafin ka yanke shawara, buɗe hanyar a manhajar taswira irin su Komoot ko Ride with GPS ka duba abu uku sashe-sashe: ina ne kwalta, ina ne tsakuwa ko rairayi, ina ne ake haɗuwa da mota. In tafiyarka ta farko ce, shawarata ka ɗauki tsohon layin dogo na kwana biyu ko uku wanda yake da tashar jirgi a farkonsa da ƙarshensa.

Mataki na biyu: auna yininka da iska da ruwa, ba da ƙarfin ƙafa ba

Keke mai ɗauke da kaya a kan tsakuwa yakan yi kilomita 12 zuwa 15 a awa. Wanda bai saba ba ya tsaya a kilomita 30 zuwa 50 a yini, wato tuƙin awa biyu zuwa huɗu, sauran lokacin na tsayawa ne da ci da kallo da ɓatan hanya, wanda ba makawa sai an yi shi. Gajiyar irin wannan tafiya tana taruwa ne, ranar farko jiki ba ya cewa komai, a rana ta uku yake kawo ƙara. Sanya rana ta uku ta zama gajera tun a kan takarda.

Sai iska, wadda a bakin teku ita ce tudun da ba a gani. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi a kan kanta. In kana tafiyar kilomita 15 a awa, iska mai gudun kilomita 20 tana bugun fuskarka, jikinka da jakunkunanka suna keta iskar kilomita 35 ke nan, kuma turjiyar ta ninka ta ranar da babu iska sau biyar da ɗoriya. Tudu yana da ƙarshe, yana kuma biyanka da gangara. Iskar gaba ba ta biyan komai.

Abu biyu za ka yi a kanta. Na ɗaya, bincika daga ina iskar yankin ta fi tasowa a watan da za ka je, ka juya tafiyarka ta zamana tana tura ka daga baya. A yammacin Turai, alal misali, ta fi kaɗawa daga yamma ko kudu maso yamma. Na biyu, yi sammako. Ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, saboda haka da rana ta ɗaga sai iskar da ke kan tudu ta yi zafi ta tashi sama, mai sanyi ta kwararo daga teku ta maye gurbinta. Wannan iskar takan fara da hantsi, ta yi ƙarfi bayan tsakar rana, ta lafa da faɗuwar rana. Wanda ya ci rabin hanyarsa kafin ƙarfe goma sha ɗaya ya tsere wa mafi muninta. In kuma ta ritsa da kai, kada ka yi kokawa da ita. Sauko da giya, sunkuyar da ƙirji, ka yarda cewa yau tafiyar a hankali ce. In ku biyu ne ko fiye, ku jeru ɗaya bayan ɗaya kuna karɓar gaba bi da bi.

Akwai kuma cikowa da janyewar teku. A yawancin gaɓoɓi teku yana cikowa sau biyu a yini, tazarar awa 12 da minti 25 tsakanin cikowa da cikowa, don haka lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana. Lokacin da ka gani jiya ba zai yi maka aiki yau ba. Cikowar ta fi girma a kwanakin sabon wata da na cikar wata. Wasu hanyoyin kuwa, ruwa ne ke rufe su ɗungum: Passage du Gois, mai tsawon kilomita huɗu da ɗan kai, wadda ta haɗa tsibirin Noirmoutier da gaɓar Faransa, tana nutsewa sau biyu kullum, kuma ana ƙetare ta ne kawai kamar awa ɗaya da rabi kafin ruwa ya gama janyewa da awa ɗaya da rabi bayan haka. An kafa dogayen turaku masu matakala a gefenta don wanda ruwa ya tare ya hau ya jira ceto, kuma kekensa ba ya hawa tare da shi. Duk inda hanyarka ta ratsa irin wannan wuri, ko ta dogara da jirgin fito, jadawalin ruwan ne zai tsara maka yinin. Ƙananan jiragen fito da yawa ba sa aiki sai a watannin zafi, ka tabbatar kafin ka dogara da su.

Daga ƙarshe, ka yi wa taswirarka alama a duk inda ake samun ruwan sha da abinci, da kuma duk inda za ka iya fita daga turbar zuwa gari ko tashar jirgi in tafiya ta gagara. Sauke taswirar cikin waya yadda za ta buɗe ko babu intanet, domin kwari da gindin duwatsun gaɓa su ne wuraren da sabis ke ɗaukewa.

Mataki na uku: keken

Ba sai ka sayi sabo ba. Keken da ka saba da shi, in yana da giya masu sauƙi da wurin ɗaura kariya, wato ƙarfen ɗaukar kaya, ya isa. Abin da ya fi tasiri shi ne faɗin taya. Siririyar tayar tsere tana nutsewa cikin tsakuwa tana kuma aiko maka da kowane gargada har ƙashin baya. Nemi mai faɗin milimita 35 zuwa 45, in da hali mai shimfiɗar da ke tare ƙaya a ciki. Iyakar iskar da taya ke ɗauka a rubuce take a gefenta. Kada ka cika ta ƙam, ɗan sassauci yana ƙara mata riƙo a kan tsakuwa, amma in ta yi laushi da yawa, dutse zai matse tub a jikin rim ya huda shi.

Daidaita sirdi haka: zauna a kai, ɗora diddige a kan feda lokacin da take can ƙasa. In ƙafarka ta miƙe sambal ba tare da ka karkata ƙugu ba, tsayin ya yi. Da ka mayar da tafin ƙafa inda ya dace, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe. Sirdin da ya yi ƙasa yana cin gaban gwiwa, wanda ya yi sama yana jan bayanta. Kuma kada ka fara doguwar tafiya da sabon sirdi, ka zauna a kansa makonni kafin ranar.

Mako biyu kafin tashi, kai keken wurin mai gyara ya duba birki da sarƙa da wayoyin giya da na taya. Mako biyu na ce, ba jajibiri ba, don ka sami damar hawansa ka ji ko wani abu ya kwance bayan gyaran. Sanya marfin taya mai tare laka, sanya ƙararrawa, sanya fitila gaba da baya ko da ba ka da niyyar tafiyar dare. Tsoffin layukan dogo suna ratsa ƙarƙashin duwatsu. Vía Verde de la Sierra da ke kudancin Sifaniya kilomita 36 ce kacal, amma tana da irin waɗannan ramuka guda 30, kuma shiga duhu daga hasken rana yana makantar da mutum na ɗan lokaci.

In haya za ka yi a can, matsa kowane birki ka ga wace taya yake kamawa tun kafin ka hau. A Ingila da Japan hannun dama ne ke kama tayar gaba, a Faransa da Jamus da Amurka kuwa hannun hagu ne. Hannu yana aiki da sabo, kuma damƙe birkin gaba a gangara bisa kuskure yana wuntsila mutum ta kan keke. Ka kuma tambayi dokar ƙasar: Ingila da Ayalan da Japan hagu ake bi, sauran Turai mafi yawa dama. Hular kwano tilas ce a Ostireliya da New Zealand, a Faransa kuma tilas ce ga yara 'yan ƙasa da shekara 12. Ko doka ba ta ce ba, sa ta.

Mataki na huɗu: kaya

Keke ne zai ɗauki kaya, bayanka ba zai ɗauka ba. Jakar goyo tana tara gumi, tana danna ka a kan sirdi, bayan awa biyu kuma kafaɗa ta fara zogi. Yi amfani da jakunkunan da ake ratayawa a gefen kariya, waɗanda ruwa ba ya shiga. Abu mai nauyi ya zauna a ƙasan jaka kusa da tsakiyar taya, nauyin dama da na hagu su yi kusan ɗaya, ka kuma tabbatar diddigenka ba ya taɓa jakar in kana juya feda. Wanda zai riƙa kwana a masauki bai kamata kayansa su wuce kilo 10 zuwa 12 ba. Mai tanti zai haura haka, shi ya kamata ya raba wani nauyin zuwa tayar gaba don kan keken kada ya riƙa rawa.

Tufafi kala biyu na tuƙi sun isa, ɗaya a jiki ɗaya yana bushewa, sai na sawa da yamma. Wandon keke mai soso a ciki ana sa shi ne ba tare da wani ɗan kamfai a ƙasa ba, domin ɗinkin kamfan ne ke goge fata. Rigar ruwa ta zauna a saman jaka inda hannu zai kai cikin daƙiƙa kaɗan, saboda yanayin bakin teku ba ya sallama kafin ya sauya. Ɗauki gora biyu na ruwa aƙalla, da abin ci na ko-ta-kwana wanda ba ka taɓa shi sai shagon da ka sa rai ya kasance a rufe. A ƙauyuka da yawa shago yana rufewa da tsakar rana ko ranar hutun mako.

Jakar gyara kuwa ba ta da sassauci: tub biyu masu girman tayarka kuma masu irin bawul ɗin da famfonka ke kamawa, kayan faci, ƙarafunan ɓanɓare taya, famfo, saitin alanki, mahaɗin sarƙa da abin tsinka ta, ɗan man sarƙa da tsumma, igiyoyin roba masu kullewa, da salatif mai kauri. Sai 'yar jakar magani da batirin cajin waya. Bayan ka ɗaure komai, fita ka yi kilomita 20 da cikakken kayan. Keke mai kaya ba ya tsayawa inda marar kaya ke tsayawa, kuma ba ya shan kwana irin tasa.

Mataki na biyar: koyi faci a gida

Wannan shi ne gyaran da kusan tabbas zai same ka, musamman a karkara bayan an yi sassaben shingen ƙaya a gefen hanya. Ka gwada shi a zaune a gida, a kan tayar baya, domin ita ce mai wuya.

Mayar da sarƙa kan ƙaramin haƙori na baya, saki birki in irin mai kama rim ne, cire tayar. Sace sauran iskar, sa ƙarfen ɓanɓara a ƙarƙashin leɓen taya nesa da bawul, ka ɗaga, ka sa na biyu ka zagaya da shi har gefe guda ya fito. Zaro tub ɗin, hura masa iska, ka zagaya da shi kusa da leɓenka, domin leɓe yana jin siririyar iskar da kunne ba ya ji. Siffar hujin za ta gaya maka dalili. Ƙaramin huji guda a bayan tub ƙaya ce ko gilashi. Tsaga biyu a jere kuwa matsewa ce a jikin rim, alamar iskarka ta yi kaɗan.

Ga inda mutane ke yin asarar tub na biyu: suna sa sabo ba su cire abin da ya huda na farko ba. Ɗora tub ɗin a kan tayar, bawul a daidai raminsa, ka ga inda hujin ya faɗa, sannan ka shafa cikin tayar a wurin da yatsa a hankali har ka ji tsinin. Wani lokaci ɗan ƙanƙanin abu ne da ba ya fitowa sai ka lanƙwasa robar.

In faci za ka yi, kankare wurin da samfefa ya fi facin faɗi, shafa sholisho siriri, sannan ka jira kamar minti biyar har ƙyallinsa ya dushe. Gaggawa a nan ita ke sa faci ya ɓalle. Manna facin, danna shi da ƙarfi daga tsakiya zuwa gefe. Wajen mayarwa, hura wa tub 'yar iska don ya yi siffa, fara sa bawul, ka tura leɓen taya da manyan yatsu, ka leƙa zagaye ka tabbatar tub bai maƙale a ƙarƙashin leɓen ba kafin ka cika. A kan hanya, musamman cikin ruwan sama, sa sabon tub ka wuce, ka bar facin sai ka isa masauki.

Mataki na shida: a kan turbar

Juya feda da sauƙi da sauri ya fi dannawa da ƙarfi. Nemi giyar da ƙafarka za ta riƙa zagayawa kamar sau 70 zuwa 90 a minti ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Ci kafin yunwa ta zo, ɗan kaɗan duk awa, ka sha ruwa kafin ƙishi. Iskar teku tana busar da gumi nan take, sai mutum ya ɗauka bai yi gumi ba, tana kuma ɓoye zafin rana har fata ta ƙone, ga hasken da ruwa da rairayi ke mayarwa sama. Shafa man kariyar rana ko da gari ya yi lumshi.

Haɗarin hanyar da babu mota yana taruwa ne a wurare kaɗan, kuma shirun hanyar ne ke sa a manta da su. Mafi girma shi ne inda turbar ta gitta titin mota. Bayan awa guda kana tafe hankali kwance, ido ya daina neman mota, direban kuma bai san za ka ɓullo daga bayan shinge ba. Tsaya cak a kowace mahaɗa, ka duba ɓangarorin biyu. Na biyu su ne turakun ƙarfe da ake kafawa a bakin turba don hana mota shiga. Wanda ke bayanka ba ya ganinsu, jikinka ya tare masa, saboda haka ka ɗaga murya ka faɗa masa, ka kuma tuna jakunkunanka sun fi kafaɗarka faɗi.

Rairayin da iska ta kwaso ta zuba a kan kwalta yana kwashe tayar gaba. In ka hango shi, rage gudu tun kafin ka shiga, a ciki kuma kada ka taɓa birkin gaba, kada ka karya kan keke, mayar da nauyinka baya ka ci gaba da juya feda. In ya yi zurfi, sauka ka tura, babu abin kunya. Gadar katako mai laima da gansakuka santsi gare ta. Ƙarfen dogo da ya rage a ƙasa a gicciye ake haye shi, in ka bi shi a karkace zai kama tayar. A dajin da itatuwa suka matso hanya, saiwoyi sukan ɗaga kwalta su yi ƙusumbi a inuwa inda ido ba ya gani.

Turbar ba taka ba ce kai kaɗai. Buga ƙararrawa tun daga nesa, ba sai ka zo ƙeyar mai tafiya ba, ka rage gudu kusa da yara da karnukan da ke ɗaure da doguwar igiya. In ka riski mai doki, yi magana da murya don dokin ya gane mutum ne ke tafe, ka ba shi fili sosai. Shanu ka ratsa su a hankali, kada ka shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta. Ƙofar shingen gona ka bar ta yadda ka same ta, a rufe ko a buɗe. Karen gona in ya biyo ka da gaske, tsere ba ya fisshe ka da keke mai kaya, sauka ka sa keken tsakaninku ka ja da baya sannu a hankali. In ka zauna cikin doguwar ciyawa, duba ƙafafu da bayan gwiwa da yamma saboda kaska, wadda a Turai da Arewacin Amurka takan ɗauko cutar Lyme.

Wajen gane hanya, Beljiyam da Holan sun sauƙaƙa abin. Wani injiniyan ma'adinai mai suna Hugo Bollen ya ƙirƙiro tsarin ba kowace mahaɗa lamba, aka fara shi a lardin Limburg na Beljiyam a 1995. Sai ka rubuta jerin lambobin a 'yar takarda ka manna a kan keke, ka riƙa bi daga wannan zuwa waccan. A sauran wurare alamu sukan ɓace daidai inda aka fi buƙatarsu, wato cikin gari. In ka yi kilomita biyu ba ka ga alama ba, koma ta ƙarshe da ka gani maimakon ka yi ta cusa kai gaba. Ka kuma bar wa wani a gida bayanin inda za ka kwana kowace rana. Lambar gaggawa a duk ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce.

Mataki na bakwai: masauki da aikin yamma

A watannin Yuli da Agusta garuruwan bakin tekun Turai cika suke yi, wanda bai kama ɗaki da wuri ba yana iya ƙara kilomita 15 a kan gajiya yana neman wurin kwana. Tambayi masauki abu biyu kafin ka biya: suna karɓar mai kwana ɗaya, kuma suna da ɗakin kulle keke? A Faransa alamar Accueil Vélo tana nuna wurin yana cikin kilomita biyar daga hanyar keke kuma yana da ma'ajiya da kayan gyara. A Jamus Bett+Bike ce ke yin wannan aikin. Kafa tanti a fili kuwa doka ce ta kowace ƙasa: Sikotilan da Suwidin da Norwe sun yarda bisa sharuɗɗa, Holan ta hana sai a wuraren da aka ware. In da jirgin ƙasa za ka koma, bincika tun yanzu, domin wasu jiragen sai an kama wa keke gurbi, kuma guraben 'yan kaɗan ne.

Da ka isa, kafin ka zauna, ba keken minti goma. Gishirin iskar teku yana sa sarƙa tsatsa cikin dare guda, rairayi kuma in ya haɗu da mai sai ya zama abin da ke cinye haƙoran giya. Goge sarƙar da tsumma kana juya feda baya, ɗiga mai a kowace gaɓa, ka sake gogewa har wajenta ya kusa bushewa, domin man da ake buƙata na ciki ne, na waje ƙura kawai yake kamawa. In ruwan teku ya taɓa keken, ɗauraye shi da ruwan daɗi. Bi notocin kariya da alanki ɗaya bayan ɗaya, su ne girgizar tsakuwa ta fi kwancewa. Juya kowace taya a hankali kana duba ko wani gilashi ya maƙale bai gama shiga ba, ka cire shi da tsinin wuƙa. Yi facin tub ɗin da ya huje da rana, wanke wandon tuƙi ka matse shi cikin tawul don ya bushe kafin safe, sa waya da fitilu a caji. Sannan ka buɗe hasashen iskar gobe da jadawalin ruwa da lokacin jirgin fito na farko, ka saita agogon tashi daidai da su.